Takardun Da Mamaci Ya Bari: A Ƙone Su Ko A Ajiye?

 

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san yadda abin yake tafiya. Ana ƙidaya gida da gona, a yi wa dabbobi kuɗi, a fito da riguna da rawuna a kasafta, kowane magaji ya san abin da ya faɗo masa. Sa'an nan sai a jawo wata tsohuwar adaka daga ƙuryar ɗaki, a buɗe, a tarar ba kome cikinta sai takardu. In mamacin mawaƙi ne, ko marubuci, ko mai zane, ko kuwa wanda ya yi zamaninsa yana sharhi a kan ayyukan waɗansu, to, a nan ne za a sami waƙar da ya fara bai ƙare ba, da baitocin da ya soke, da wasiƙun da abokai suka aiko masa, har da takardar bashi da ta rigima. Malamin da ke rabo ba shi da kuɗin da zai yi musu. Sai wani magaji ya ce a fitar da su tsakar gida a cinna musu wuta don a rufa wa tsoho asiri, wani kuma ya ce a bar su, wataƙila wata rana a sami mai saye. Galibi ba a yin ko ɗaya, sai a mai da adakar inda take, gara ta yanke hukunci.

Tambayar da nake so mu duba a wannan mako ita ce, na wane ne waɗannan takardu? Na mamaci ne, har in ya ce a ƙone sai a ƙone? Ko na magada ne, su yi yadda suka ga dama da su kamar sauran kayan gado? Ko kuwa jama'ar da ta ci moriyar fasaharsa tana da nata haƙƙi a ciki?

Kafin mu shiga amsa, ya kamata mu san cewa akwai ƙasashen da suka gina gidaje musamman domin irin wannan adaka. A ƙasar Amurka akwai wanda ake kira Archives of American Art, watau taskar takardun masu fasahar Amurka. An kafa shi a birnin Detroit cikin 1954, a hannun Edgar Richardson, shugaban gidan nune-nunen zane na birnin, da wani attajiri mai tara zane-zane, Lawrence Fleischman. Da fari aikinsu shi ne su ɗauki hoton takardun da ke hannun mutane a kan ƙaramin fim, su mayar wa masu su. Daga baya mutane suka dinga kawo ainihin takardun kyauta. Cikin 1970 aka haɗe shi da babbar cibiyar Smithsonian ta birnin Washinton, abin da ke cikinsa kuwa ya haura miliyan 20 na wasiƙu, da littattafan ajiye labarin yau da kullum, da hotuna, da takardun ciniki na masu zane, da na masu yi musu sharhi, da na shagunan da ke sayar da aikinsu, da na ƙungiyoyinsu.

Mai karatu ya lura, babban abin da ake tarawa a irin wannan gida shi ne abin da ke bayan aikin. Littafin da aka buga yana kanti, zanen da aka gama yana rataye a bango, kowa na iya gani. Abin da ake nema shi ne yadda aka yi aka kai ga aikin: wa ya koya wa wa, wa ya ba da shawara aka ƙi, nawa aka biya, wane ne ya yaba a fili ya kushe a wasiƙa. Ilmi ne mai amfani ƙwarai, domin da shi ake gane mai aiki na gaskiya da mai cin gumin wani. Amma fa a cikin wannan ilmi ɗin ne asirin mutane yake kwance, na mamacin da na waɗanda suka rubuto masa ba su san wata rana baƙo zai karanta ba.

To, a nan haƙƙi biyu suka yi karo, kuma dukansu addini ya ƙarfafa su. Na farko haƙƙin sutura. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, ta kuma hana giba, hadisai ingantattu kuwa sun hana zagin matattu, sun yi alkawarin sutura ga wanda ya suturta ɗan'uwansa. Mamaci ba shi da bakin kare kansa, saboda haka ya fi mai rai bukatar a kame daga mutuncinsa. Na biyu haƙƙin ilmi. An yi gargaɗi mai tsanani ga masu ɓoye ilmi, an hana ɓarnatar da dukiya, an kuma ƙidaya ilmin da ake amfana da shi cikin abubuwan da ladansu ke bin mutum kabari. Wanda ya cinna wa adaka wuta ya kiyaye haƙƙi na farko, amma yana iya yanke wa mamacin ladan da ke gudana zuwa gare shi. Wanda ya baje ta a kasuwa kuma ya ce yana yi wa ilmi hidima, alhali ya tuɓe wa mamaci likkafani.

Magabatanmu ba su kasance baƙi ga wannan matsala ba. Akwai wani babban marubuci mai kaifin alƙalami a Bagadaza, Abu Hayyana Attauhidi, wanda ya yi fice wajen adabi da sharhin mutanen zamaninsa, har ya wallafa littafi guda a kan aibobin wazirai biyu da ya yi zama da su bai ji daɗinsu ba. Da tsufa ya kama shi, wajen shekara ta 400 bayan Hijira, watau wajen 1010, sai ya tara littattafansa ya ƙone. Wani alƙali abokinsa ya rubuto masa yana zarginsa, shi kuma ya mayar da amsa mai tsawo, wadda Yaƙutul Hamawi ya adana mana cikin littafinsa na tarihin marubuta. Taƙaitaccen uzurinsa shi ne, ya zauna shekaru cikin mutanen da ba su san darajarsa ba, ya sha talauci a gabansu, ba ya kuwa so ya bar musu abin da za su dinga tonawa suna neman kurakuransa suna dariya bayan ransa. Ya kuma kafa hujja da waɗansu manya da suka riga shi, kamar Abu Amru ɗan Ala'i wanda aka ce ya binne littattafansa, da Dawuda Aɗɗa'i wanda aka ce ya zuba nasa cikin ruwa, da Sufyanus Sauri.

Abin lura guda biyu ne a wannan labari. Na ɗaya, littattafan Attauhidi da muke karantawa yau sun tsira ne domin an riga an kwafe su sun shiga hannun mutane, ashe tun yana da rai sun fita daga ikonsa. Na biyu, ba mu san dalilinsa na ƙonawa ba sai ta hanyar wasiƙar da wani ya ƙi ƙonawa. Da alƙalin nan ya yi wa wasiƙar abin da mai ita ya yi wa littattafansa, da abin da za a sani kawai shi ne wani tsoho ya fusata ya yi ɓarna. Takardar da aka ajiye ita ta tsaya masa shaida, ta sa mai karatu ya tausaya masa bayan shekara dubu.

Malamai sun yi bayanin abin da ya sa waɗancan magabata suka yi haka. Alkhaɗibul Bagadadi, wanda ya rasu cikin 1071, ya faɗa a littafinsa Taƙyidul Ilmi cewa tsoronsu shi ne kada littattafan su faɗa hannun wanda ba ahalinsu ba, ya ƙara ko ya rage, a jingina musu abin da ba su faɗa ba. Labarin Abu Ƙilaba, ɗaya daga cikin tabi'ai, ya nuna haka sarai. Da ajali ya zo masa a Sham sai ya yi wasiyya a kai littattafansa ga almajirinsa Ayyuba Assakhtiyani a Basra, in kuwa an tarar Ayyuba ba shi da rai, sa'an nan a ƙone. Watau amintaccen hannu yake nema, wuta kuwa sai in an rasa hannun. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu cikin 1201, ya yi suka mai zafi ga masu binne littattafai da sunan gudun duniya, ya ce tozarta ilmi ne da dukiya, ko da yake ya yi wa Sufyanu uzuri da cewa ingantattun riwayoyi da raunana sun cuɗe masa. Shi kansa Alkhaɗibu da ya zo rasuwa sai ya yi waƙafin littattafansa ga Musulmi. An ruwaito cewa daga baya gobara ta ci da yawa daga cikinsu, abin da ke koya mana cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba in an tara kome a ɗaki ɗaya ba kwafe.

Yanzu bari mu ƙetara zuwa Turai, mu ga yadda wannan tambaya ta faɗa wa waɗanda ba Musulmi ba, domin hikima ba ta da ƙabila. Franz Kafka wani Bayahude ne mazaunin birnin Firag, mai rubutu da Jamusanci, wanda tarin fuka ya kashe cikin 1924. Ya bar wa amininsa Max Brod rubutacciyar wasiyya cewa ya ƙone duk abin da ya bari, wasiƙu da rubuce-rubuce, ba tare da an karanta ba. Brod bai ƙone ba. Tsakanin 1925 da 1927 ya buga manyan littattafansa uku na ƙagaggen labari, waɗanda suka sa aka san sunan Kafka a duniya. Uzurin Brod shi ne, tun Kafka yana da rai ya gaya masa ba zai aikata wannan ba, da da gaske yake da ya zaɓi wani wasiyyi. Cikin 1939, sa'ad da sojojin Hitila ke shigowa Firag, Brod ya gudu da takardun cikin akwati zuwa Tel Abib.

Shin Brod ya ci amana? A wurinmu wasiyya abu ne mai nauyi, Suratul Baƙara ta ɗora laifi a kan wanda ya sauya ta bayan ya ji ta. Amma malaman fiƙihu sun ce ba a zartar da wasiyyar da ta ƙunshi saɓo, halaka abu mai amfani ba dalili kuwa yana cikin abin da aka hana. Ni a ganina Brod ya yi daidai da ya ƙi wuta, musamman da yake bai yaudari abokinsa ba. Inda ya wuce gona da iri shi ne da ya ɗauka cewa duk abin da ya tsira daga wuta ya halatta a kai shi ɗab'i. A cikin takardun akwai wata doguwar wasiƙa da Kafka ya rubuta wa mahaifinsa cikin 1919, cike da ƙorafin da ɗa ke da shi a kan uba, wadda ba ta taɓa isa hannun uban ba. Ita ma aka buga, yanzu duk duniya ta san dattijon nan ta bakin ɗansa a ranar fushi, shi kuwa ba a ji nasa ba. Daɗa da Brod ya mutu cikin 1968 sai takardun suka koma hannun sakatariyarsa, cikin 1988 ta sayar da rubutun hannu na ɗaya daga cikin littattafan a gwanjo a kan kimanin fam miliyan ɗaya, sauran kuma aka yi ta shari'a a kansu har 2016, sa'ad da kotun ƙolin Isra'ila ta ce a miƙa su ga babban ɗakin karatun ƙasar. Abin da mai shi ya ce a ƙone sai da ya zama hajar gwanjo da abin jayayya a kotu, domin wanda ya cece shi bai shirya masa tsayayyen mazauni ba.

Ga kuma wani labari da ya nuna hanya ta uku. T. S. Eliot shahararren mawaƙi ne kuma mai sharhin adabi, haifaffen Amurka da ya zauna Ingila. Ya yi shekaru yana rubuta wa wata mata, Emily Hale, wasiƙu na tsakaninsu, har suka kai 1,131. Cikin 1956 matar ta kai su ɗakin karatu na Jami'ar Princeton, bisa sharaɗin kada a buɗe sai an shekara 50 bayan mutuwar wanda ya yi saura a cikinsu. Eliot ya mutu cikin 1965, ita kuma cikin 1969. Ma'aikatan gidan suka rufe akwatunan, waɗansu suka yi ritaya waɗansu suka gaje su, ba a ba masu bincike ba sai ranar 2 ga Janairu, 2020. A lokacin duk wanda maganar za ta ƙona ya riga ya kwanta dama, masu nazari kuwa suka sami haske a kan waƙoƙinsa wanda ba su da shi da. Amma shi Eliot, wasiƙun da ita ta aiko masa sai ya sa aka ƙone su cikin 1963. Saboda haka abin da ya rage zance ne na mutum biyu da aka ji bakin ɗaya. Wutar da aka kunna don sutura ita ta hana matar nan yin magana har abada.

Daga waɗannan labarai nake fitar da abin da nake so in faɗa. Ajiyewa daban, bayyanawa daban. Mafi yawan ruɗaninmu ya taso ne daga zaton cewa abu biyu kaɗai ke gabanmu, ko a ƙone ko a watsa. Alhali kuwa Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gidan adana takardu na ƙwarai cikin al'umma ne: yana haɗiye magana ya riƙe ta har lokacin da faɗinta zai yi amfani ba cuta. Abin da aka rufe yau ana iya buɗe shi bayan shekara 50, in an ga bai kamata ba a ƙara rufewa. Abin da aka ƙone ba ya dawowa, abin da aka watsa kuma zarar bunu ne. Tun da ɗan Adam yana kuskure cikin hukunci, hankali da taƙawa duka suna nuna ya zaɓi hanyar da in ya yi kuskure cikinta ana iya gyarawa.

Sai dai buɗewa ma tana da ladubbanta, musamman ga takardun masu sharhi, domin su sana'arsu ita ce faɗin aibin aikin wani. Malaman hadisi sun halatta ambaton raunin mai riwaya don kare addini, Imam Annawawi kuma ya ƙidaya wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba haramtacciya, duk kuwa saboda wata bukata ce ta gaskiya. Assakhawi, wanda ya rasu cikin 1497, ya wallafa littafi musamman don mayar da martani ga masu cewa ilmin tarihi giba ce, amma ya gindaya wa mai rubuta tarihi sharuɗɗan adalci da tsantseni da sanin abin da yake faɗa. Azzahabi kuma ya sha yin gargaɗi cewa kada a dogara da sukan da tsara ya yi wa tsaransa, in alama ta nuna hasada ce ko gaba ta jawo shi. Mai binciken da ya tarar wani mawaƙi ya zagi abokin hamayyarsa a wasiƙa, sai ya tambayi kansa, shin wannan zagin yana bayyana wani abu game da waƙa, ko kuwa daɗin gulma kawai yake ji? In na farko ne ya kawo shi da asalinsa da dalilinsa. In na biyu ne ya mai da takardar cikin jakarta, harshe da haƙori ma sukan saɓa.

Mu a ƙasar Hausa muna da misali mai kyau na wannan adalci. Sa'ad da ake jihadi, Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana sukan hujjojin yaƙar ƙasarsa, da kalmomi masu nauyi. Muhammadu Bello, Allah Ya yi masa rahama, bai yaga su ba. Ya kwafe maganar abokin jayayyarsa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya biyo ta da amsa, ya bar wa mai karatu ya auna. Haka kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya tattara waƙoƙinsa cikin Tazyinul Waraƙati a 1813, yana bayyana sababin kowace, bai kuwa cire waɗanda ya yi don takaicin yadda waɗansu mabiya suka karkata ga duniya ba. Waƙoƙin Nana Asma'u na Larabci da Fillanci da Hausa gidan Wazirin Sakkwato ya riƙe su zuriya bayan zuriya, har zamanin Waziri Junaidu ya ba Jean Boyd dama ta nazarce su, aka buga su a haɗe cikin 1997. Waɗannan mutane ba su da na'urar sanyaya ɗaki, gafaka ce da tsoron Allah.

Takardun hukumomi kuwa hukuncinsu ya ɗan bambanta da na mutum. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta East, ita ta shirya gasar 1933 wadda ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa a fagen ƙagaggen labari, a hannunta kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa cikin Janairu 1939. Irin wannan hukuma, da gidajen rediyo, da hukumomin al'adu na jihohi, da ƙungiyoyin marubuta, su ne ke zaɓen wanda za a buga da wanda za a ƙi, wanda za a sa muryarsa da wanda za a manta. Da dukiyar jama'a ko da sunan jama'a suke wannan aiki, saboda haka fayilolinsu amanar jama'a ce. Ma'aikacin da ya ƙone fayil don a manta da kuskurensa ba zai fake da hadisin sutura ba, gama sutura ta zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ce, ba ta shafe haƙƙin wanda aka zalunta. Wuraren ajiya kuwa muna da su: akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna tun 1957, akwai Arewa House da aka kafa cikin 1970 a gidan marigayi Sardauna, akwai hukumar tarihi mai sunan Waziri Junaidu a Sakkwato, ga kuma ɗakunan karatu na jami'o'i.

Wani zai ce, ashe ba abin da ya cancanci wuta ke nan? Akwai. Mutum yana da iko ya share abin da ya tuba daga gare shi tun yana da rai, kamar waƙar batsa da ya yi da ƙuruciya ko ƙazafin da ya rubuta cikin fushi, ba kuwa mai cewa ya ɓoye ilmi. Haka nan in magada sun tarar da asirin wani mutum dabam, wanda bai shafi fasahar mamaci ko wani haƙƙi ba, fitarsa kuma za ta rusa gida ko ta ɓata nasaba, mayar da takardar ga mai ita ko halaka ta shi ya fi kusa da taƙawa. Abin da nake ƙi shi ne a yanke wannan hukunci cikin makon makoki, a hannun magaji ɗaya wanda baƙin ciki ko kunya ko jahilcin abin da ke rubuce ya rufe wa ido. Sau nawa aka ƙone takardar ajami don ɗan da ya gaje ta boko kaɗai ya iya, ko aka zubar da ta boko don ana zaton ba ta da albarka?

Saboda haka ga shawarata. Kai mai fasaha, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zauna tun da sauran ƙarfinka ka tace adakarka, ka rubuta wasiyya a gaban shaidu: wannan a buɗe nan da nan, wannan a rufe shekara kaza, wannan a kai wuri kaza. Ka sa kaset da faifai da abin da ke cikin wayarka da kwamfutarka a lissafi, domin wasiƙun yau a can suke, in lambar sirri ta bi ka kabari sun tafi ko ba wuta. Ku magada, kada ku rarraba takardu ganye-ganye kamar tufafi, domin amfaninsu yana cikin zamansu tare. Ku nemi masani amintacce ya duba, ku sa a ɗauki hotonsu, in za ku bayar ku bayar da rubutaccen sharaɗi. Ku kuma ma'aikatan gidajen ajiya, ku sani sharaɗin mai bayarwa kamar sharaɗin mai waƙafi yake, ba a karya shi don babban mutum ya nema, ko don baƙo ya zo da kuɗi. Ranar da aka ji kun buɗe abin da aka ce ku rufe, ba mai sake kawo muku adaka, sai mutane su koma ga ashana.

Ga amsar tambayarmu ke nan. Takardun nan mamaci yana da haƙƙin sutura a cikinsu, magada suna da haƙƙin mallaka, na baya kuma suna da haƙƙin ilmi, ba kuwa ɗaya daga cikin ukun da ya isa ya cinye na sauran. Wanda adakar ta faɗo hannunsa mai riƙon amana ne, za a kuwa tambaye shi a kan abin da ya ƙone da abin da ya tona. Mu tuna kuma cewa kowannenmu yana da wani littafi da ake rubuta masa wanda ba gara mai cinsa, fatarmu duka ita ce ranar da za a buɗe shi a yi mana sutura. Wanda yake son haka ga kansa sai ya fara yi wa wanda ya riga shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon riƙon amana.